Filin Tambayoyin Masu Karatu: Ƙwayar Zarra a Tafin Hannun Ɗalibi

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru a kan batu guda, wato yadda za a koyar da tsarin ƙwayar zarra, ɓangare mafi ƙanƙanta na kowane sinadarin asali, da jadawalin sinadarai ga yaran da ba su taɓa ganin abin da ake ba su labarinsa ba. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba. Domin a tafi tare, duk inda muka ce sinadarin asali muna nufin abin da ba ya rarrabuwa zuwa wani abu mafi sauƙi ta hanyar haɗe-haɗen kemistiri, kamar zinariya da ƙarfe da iskar oksijin, saɓanin ruwa ko gishiri waɗanda kowannensu haɗi ne na sinadaran asali biyu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bana na fara aikin koyarwa, kuma an ba ni darasin kimiyya a ƙaramar sakandare. Ɗalibaina suna karanto mini ma'anar furoton da nutiron da ilektiron tiryan-tiryan, amma da zarar na tambaye su yadda ilektiron ɗin sodiyom suke a jere sai ajin ya yi tsit. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje. Me zan yi? (Daga wata sabuwar malama)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ajin ya yi tsit ne saboda an ba yaran kalmomi uku ba a ba su abin da za su rataya kalmomin a jikinsa ba. Rashin ɗakin gwaji kuma kada ya dame ki a wannan darasi, domin ko a makarantar da ta fi kowace kayan aiki babu madubin aji da zai nuna wa ɗalibi cikin ƙwayar zarra, kowa da kwatance yake koyar da ita. Abin da ke hannunki shi ne ki sauko da kwatancen daga kan allo ki danƙa wa yaro.

Ki sa su tara marafan kwalba kala biyu da ƙananan tsakuwa. Kala ɗaya zai tsaya a matsayin furoton, a rubuta masa alamar tarawa, ɗayan kuma nutiron wanda ba shi da caji, tsakuwa kuwa ilektiron ce mai alamar ɗebewa. Na zaɓar wa ilektiron abu mafi ƙanƙanta da gangan, domin furoton ɗaya ya ninka ilektiron nauyi kusan sau 1,836, shi ya sa kusan dukkan nauyin ƙwayar zarra yake tattare a cibiyarta. Kowane gungu na yara huɗu ya zana cibiya da alli a kan tebur ko a ƙasa, ya kewaye ta da zobba huɗu, marafai su zauna a cibiya, tsakuwa kuma a kan zobba. Dokokin wasan uku ne kawai: yawan furoton shi ke ba sinadari sunansa, ƙwayar da ba ta da caji tana da ilektiron daidai da yawan furoton ɗinta, sannan ana cika zobba daga ciki zuwa waje, na farko ya ɗauki biyu, na biyu takwas, na uku takwas.

Kada ki fara da cewa su gina sodiyom. Ki fara da furoton ɗaya da ilektiron ɗaya, wato haidurojin, ki riƙa ƙara ɗaya-ɗaya. A hiliyom zoben farko ya cika. Idan aka zo tsakuwa ta uku, ki dakata ki tambaye su inda za ta zauna, ki bar su su yi gardama har su gane da kansu cewa tilas a buɗe sabon zobe. Ki ci gaba har goma, inda niyon ya cika zobe na biyu, sannan ki miƙa musu ta goma sha ɗaya. Da sun ajiye ta ita kaɗai a zobe na uku, ki tambaye su wace ƙwaya ce a baya ta taɓa kasancewa da ilektiron ɗaya tal a zobenta na waje bayan wani zobe ya cika. Yaron da ya ce litiyom ya gano da hannunsa dalilin da ya sa litiyom da sodiyom suke rukuni ɗaya a jadawali, alhali ba ki ma rataya jadawalin ba tukuna. A ganina wannan daƙiƙa ta fi duk sauran darasin daraja, saboda haka kada ki yi gaggawar faɗa musu amsar.

Bayan sun saba, sai ki shigo da nutiron ta hanyar lambar nauyi, wato jimlar furoton da nutiron: sodiyom yana da lambar nauyi 23 da furoton 11, don haka nutiron 12 ne. Daga nan akwai wasa na biyu da yara ke matuƙar so. Gungu ɗaya ya gina kabon mai furoton shida da nutiron shida da ilektiron shida, sannan ya juya baya, gungu na kusa ya sauya abu guda a ɓoye. Idan masu ginin suka juyo, aikinsu shi ne su faɗi abin da aka taɓa da abin da ƙwayar ta koma. Idan tsakuwa aka ɗauke, har yanzu kabon ne amma ya sami caji, ya zama abin da ake kira ayon. Idan nutiron biyu aka ƙara, har yanzu kabon ne amma ya yi nauyi, ya zama kabon-14, wato wani aisotof na kabon. Idan kuwa furoton aka ƙara, to ba kabon ba ne kuma, naitirojin ne. Wannan bambanci guda uku shi ne wurin da ɗalibai suka fi ruɗewa a jarrabawa, kuma wanda ya taɓa shi da yatsunsa da wuya ya sake cakuɗa shi. Ki tuna musu cewa a haɗe-haɗen kemistiri na yau da kullum ilektiron ne kaɗai ke motsi, sauyin cibiya lamari ne na daban. Misalinsa shi ne kabon-14 ɗin nan, wanda nutiron ɗinsa ɗaya kan rikiɗa ya zama furoton sai ƙwayar ta koma naitirojin-14, kuma rabin duk wani tarin kabon-14 yana rikiɗa haka a cikin kimanin shekara 5,730, abin da masu binciken tarihi ke auna shekarun tsofaffin ƙasusuwa da itatuwa da shi.

Kafin a tashi, kowane ɗalibi ya zana abin da ya gina a littafinsa, ya rubuta 2, 8, 1 a gefen sodiyom da hannunsa, domin abin da bai shiga littafi ba yakan tafi tare da marafan idan aka kwashe su.

TAMBAYA: Ni ma ina amfani da wasa. Ina shirya gasar karanto sinadarai ashirin na farko, wanda ya fi sauri ya ci kyauta, kuma ɗalibai suna jin daɗi ƙwarai. Amma idan jarrabawa ta tambaye su dalilin da ya sa fotasiyom yake ƙarƙashin sodiyom sai su kasa. Ina matsalar take? (Daga wani malamin babbar sakandare)

AMSA: Malam, gasar taka hadda ce da aka sanya wa rigar wasa. Ban raina hadda ba, tana da gurbinta, domin alamomin sinadarai tamkar baƙaƙe ne, dole a riƙe su. Tun daga lokacin da Berzelius, masanin ƙasar Suwidin, ya kawo tsarin rubuta su da haruffa a farkon ƙarni na 19, da yawa daga cikinsu suna bin sunan Latin ne, shi ya sa ƙarfe yake Fe, zinariya Au, azurfa Ag, dalma Pb, sodiyom Na. Harafin K na fotasiyom ma daga sunan kaliyom ya fito, wanda asalinsa kalmar Larabci ce da ke nufin tokar tsirrai. Wannan duk sai an haddace. Amma jadawalin kansa hujja ce da aka gina, kuma hanya mafi kyau ta fahimtar hujja ita ce mutum ya sake gina ta.

Ka yanka kwali ka yi kati ashirin ga kowane gungu. A fuskar kowane kati ka rubuta sunan sinadarin da nauyin zarrarsa da 'yan halayensa: shin iska ne ko daskararre, shin dangin ƙarfe ne ko a'a, yaya yake yi idan ya haɗu da ruwa, kuma ƙwayar kulorin ko ta haidurojin nawa yake kamawa. Lambar zarra kuwa, wato yawan furoton, ka rubuta ta a bayan katin, ka hana a juya. Sannan ka zare katin sodiyom da na silikon ka sa a aljihunka ba tare da ka faɗa wa kowa ba. Umarnin da za ka bayar shi ne su jera katunan daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi, kuma duk inda suka ga wani hali ya dawo su karya layin su fara sabon sahu, ta yadda masu kama da juna za su faɗo ɗaya ƙarƙashin ɗaya.

Wannan shi ne ainihin aikin da masana suka shafe shekara arba'in suna fama da shi. A 1829 Bajamushe Döbereiner ya lura cewa wasu sinadarai suna tafiya uku-uku, kuma nauyin na tsakiya kusan rabin jimlar sauran biyun ne. Wajen 1865 Newlands na Ingila ya ce halaye suna dawowa a kowane sinadari na takwas, amma tsarinsa ya wargaje bayan kalsiyom, mutanen zamaninsa ma ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. A 1869 Dimitiri Mendeleyef na Rasha ya jera sinadarai 63 da aka sani a lokacin, kuma abin da ya fifita shi a kan sauran shi ne ƙarfin halin barin gurbi a fili inda ya ga babu wanda ya dace, yana mai cewa akwai sinadarin da ba a gano ba tukuna, har ya bayyana yadda halayensa za su kasance. A 1875 Lecoq de Boisbaudran ya gano galiyom a Faransa, ɗaya daga cikin sinadaran da Mendeleyef ya bar wa gurbi, ya auna ya ce ya ninka ruwa nauyi sau 4.7. Mendeleyef, wanda bai taɓa ganin sinadarin da idonsa ba, ya rubuta cewa a sake aunawa domin ya kamata ya kai wajen 5.9, da aka tace samfurin aka sake aunawa kuwa sai aka sami 5.9. Sikandiyom ya biyo baya a 1879, jameniyom kuma a 1886, wanda Mendeleyef ya yi hasashen nauyin zarrarsa zai kai 72 aka same shi 72.6.

Ɗalibanka za su ci karo da irin wannan tsaka mai wuya. Bayan niyon katin da ke hannunsu magnesiyom ne, amma halinsa bai yi kama da na litiyom ba, da beriliyom yake kama. Wasu gungu za su tura shi ƙarƙashin litiyom da ƙarfi, sai duk sahun ya karkace, wasu kuma za su yi shakka su bar gurbi. Ka tambayi waɗanda suka bar gurbin su rubuta maka halayen katin da ya ɓata. Litiyom nauyinsa 7, fotasiyom 39, idan aka haɗa aka raba biyu 23 ke nan, kuma tunda na sama da na ƙasa duk ƙarafa ne masu laushi da ke yin tsananin aiki da ruwa suna kama kulorin ɗaya, shi ma haka zai kasance. Sai ka ciro katin daga aljihu. Gani ya kori ji, kuma ihun da aji ke yi a wannan lokaci ya sha bamban da ihun gasar gudu-gudu, domin sun ga hankalinsu ya riga idonsu isa ga gaskiya. Gurbin silikon zai koya musu wani darasi na daban, saboda tsakanin alminiyom mai 27 da fosfaros mai 31 za su yi hasashen 29, katin kuwa zai nuna 28, sai su gane cewa hasashe kusantowa yake yi, aunawa ce ke yanke hukunci.

Akwai tarko guda da ya rage a cikin katunan. Argon nauyinsa 39.9, fotasiyom 39.1, saboda haka wanda ya bi nauyi sau da ƙafa zai sa fotasiyom, ƙarfen da ke kamawa da wuta a kan ruwa, a ƙarƙashin niyon wanda ba ya haɗuwa da komai. Shi Mendeleyef bai san argon ba a 1869, sai a 1894 aka gano shi, amma ya gamu da irin wannan matsala tsakanin teluriyom da ayodin, ya kuma zaɓi ya bi hali ya bar nauyi. Dalilin bai fito fili ba sai 1913, lokacin da matashin masani Henry Moseley ya yi amfani da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ya nuna cewa abin da ke ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya daga sinadari zuwa na gaba shi ne cajin cibiya. A nan ne za ka ce a juya katuna, su ga argon 18, fotasiyom 19. Idan suka rubuta jerin ilektiron a ƙarƙashin kowane kati za su ga cewa yawan zobba shi ne lambar sahu, yawan ilektiron na waje kuma shi ke haɗa 'yan rukuni ɗaya, amsar tambayar da ta gagare su a jarrabawa ke nan. Katin haidurojin zai ƙi zama lafiya a ko'ina, ka bar su su yi muhawara a kansa, domin masana ma sun daɗe suna yi. Sai bayan duk wannan za ka rataya cikakken jadawalin yau mai sinadarai 118 a sahu bakwai da rukuni 18, wanda aka raɗa wa huɗun ƙarshe da suka cike shi suna a 2016.

TAMBAYA: Malaminmu ya ce lambar nauyi jimlar furoton da nutiron ce, amma a jadawali na ga an rubuta wa kulorin 35.5. Shin akwai rabin nutiron ne? (Daga wata ɗaliba)

AMSA: Babu rabin nutiron, 'yata, kuma tambayarki ta nuna kina karatu da lura. Babu ƙwayar kulorin ko ɗaya a duniya da nauyinta yake 35.5. Kulorin iri biyu ne a cakuɗe, dukkansu masu furoton 17, amma ɗaya yana da nutiron 18 ɗayan kuma 20, wato kulorin-35 da kulorin-37, kuma a cikin kowane huɗu kusan uku na farkon ne. Ki gwada da ƙawayenki: ki rubuta 35 a kan 'yan takardu talatin, 37 a kan goma, ki zuba a jaka ki girgiza. Kowa ta ɗebo takwas ba tare da ta duba ba, ta haɗa lambobin ta raba takwas. Wata za ta sami 35.25, wata 35.75, amma idan kuka tattara takardun duka arba'in kuka lissafa za ku sami 35.5 daidai. Lambar da ke jadawali matsakaicin nauyi ne na cakuɗen da ake samu a duniya, kuma ta fi karkata ga 35 saboda shi ya fi yawa. Ga aiki na ba ki: boron yana da iri mai nauyi 10 da mai nauyi 11, na farko kusan ɗaya cikin biyar, na biyu huɗu cikin biyar. Ki lissafa, sannan ki duba jadawali ki ga ko kun yi daidai.

TAMBAYA: Na shekara fiye da ashirin ina koyar da kemistiri, kuma ina da ja a kan waɗannan wasanni. Ilektiron ba ya zagaya cibiya a kan zobe kamar yadda ake zanawa, zobe na uku kuma 18 yake ɗauka ba takwas ba. Ashe ba ƙarya muke dasa wa yara ba, wadda za mu sha wahalar cirewa daga baya? (Daga wani dattijon malami)

AMSA: Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma zan ƙara maka na uku wanda ya fi su girma, wato girman cibiya. A zanen allo cibiya takan cinye kusan rubu'in ƙwayar, alhali faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na faɗin ƙwayar ba, sau da yawa ma bai kai haka ba. Inda nake saɓa maka shi ne a kan maganin. Barin kwatance ba zai yiwu ba, domin tarihin wannan ilimi gaba ɗaya tarihin kwatance ne da ake gyarawa. Dalton a 1808 ya ɗauki zarra dunƙulalliya ce da ba ta rabuwa, Thomson ya gano ilektiron a 1897, Rutherford ya kawo cibiya a 1911, Bohr ya kawo zobban nan a 1913, Schrödinger ya maye gurbinsu a 1926 da lissafin da ke faɗin inda aka fi zaton samun ilektiron, nutiron kuwa sai a 1932 Chadwick ya tabbatar da shi. Kwatance yana zama ƙarya ne idan malami ya ɓoye iyakarsa. Saboda haka kowane wasa ya kamata ya ƙare da tambayar nan: ta ina wannan abin da muka gina ya saɓa wa ƙwayar gaske?

Batun girma da ƙafa ake gyara shi. A ajiye ƙwallon gilashi mai faɗin santimita ɗaya a tsakiyar filin ƙwallo, a sa ɗalibai su yi tafiyar mita hamsin ta kowace fuska su tsaya, sannan a gaya musu cewa ko a lissafi mafi sassauci a nan ne bakin ƙwayar yake, kuma kusan dukkan nauyinta yana cikin ɗan abin can da ba sa iya hangowa. Wanda ya yi wannan tafiya ba zai sake yarda da zanen allo ido rufe ba.

Akwai kuma wasan da nake ganin ya fi kowane kusa da ruhin kimiyya, domin yana amsa tambayar da yaro mai kaifin hankali kan yi, cewa yaya aka san akwai cibiya tunda ba wanda ya gan ta. A ɗora faffaɗan kwali a kan wani abu da aka ɓoye a ƙarƙashinsa, kamar guntun katako, ta yadda akwai sarari tsakanin kwalin da ƙasa. Ɗalibai su riƙa gangaro ƙananan ƙwallayen gilashi ko na boris ta ƙarƙashi daga wurare dabam-dabam, suna zana a kan kwalin inda kowanne ya shiga da inda ya fita. Mafi yawa za su wuce sambal, wasu su kauce, ƙalilan su dawo baya, kuma daga wannan kaɗai za su ƙiyasta inda abin yake da girmansa ba tare da sun ɗaga kwalin ba. Haka Geiger da Marsden, masu aiki a ƙarƙashin Rutherford, suka yi a Mancesta a 1909, lokacin da suka riƙa harba ƙwayoyin alfa, wasu ƙananan ƙwayoyi masu cajin tarawa, a kan fallen zinariya da bai kai gashi kauri ba, kusan duka suka ratsa, 'yan ƙalilan ƙwarai suka dawo, daga nan Rutherford ya gane cewa cajin tarawa da nauyi sun dunƙule a wuri ɗan mitsitsi. Ina ba da shawarar kada a ɗaga kwalin ko bayan an gama, saboda shi ma Rutherford ba wanda ya ɗaga masa.

Game da zobe na uku, jimla ɗaya ta isa, muddin ana maimaita ta kullum: dokar biyu, takwas, takwas ta sinadarai ashirin na farko ce. Daga na 21, wato sikandiyom, sabon ilektiron yana komawa zobe na uku ya ci gaba da cika shi har 18, wannan ne ma ya haifar da rukunai goman nan na tsakiyar jadawali inda ƙarfe da jan ƙarfe suke. Wasan da ake sa yara su zama ilektiron suna gudu a kewayen cibiya kuwa, a kansa ina tare da kai. Na taɓa yin sa, daga baya na tarar abin da ya fi zama a zukatan yaran shi ne gudun da da'irar, wato daidai ɓangaren da ba gaskiya ba. Tun daga lokacin, idan na tsayar da ɗalibai a zobba, a tsaye nake barin su, ina ce musu zoben matakin ƙarfi yake nunawa, ba hanyar tafiya ba.

TAMBAYA: Ajina ɗalibai sun haura tamanin, darasi kuma minti arba'in ne. Idan na kawo wasa hayaniya ce za ta ci lokacin. Kuma yaya zan san sun koyi wani abu? (Daga wata malamar kimiyya)

AMSA: Malama, hayaniya takan taso ne daga hannun da ba shi da aiki, don haka a kowane gungu ki ba kowa nasa: mai gini, mai ƙirga, mai rubutu, da mai bayani, kuma ke za ki zaɓi mai bayanin bayan an gama, domin kada gungun ya jingina da yaro ɗaya. Ki rubuta dokoki a allo kafin a raba kaya, ki ba wasan minti ashirin, ki tsare minti goma na ƙarshe domin tambaya da rubutu ko da wasan bai ƙare ba. Kada maki ya zama na wanda ya riga gamawa, ya zama na wanda ya iya faɗin dalili, in ba haka ba masu saurin hannu za su kwashe komai, masu zurfin tunani su koma 'yan kallo.

Babban aji ma yana da wasan da ya fi dacewa da shi, wato na haɗuwar sinadarai. Kowane ɗalibi ya rataya katin wani sinadari, ya riƙe tsakuwa daidai da ilektiron ɗin zobensa na waje, sannan ya nemi wanda za su yi musaya har kowa ya tashi da cikakken zobe. Sodiyom mai ɗaya zai miƙa wa kulorin mai bakwai, gishiri ya samu. Magnesiyom mai biyu zai tarar kulorin ɗaya bai ishe shi ba sai ya nemo na biyu, ta haka yaro zai gane daga ina lambar nan 2 ta fito a MgCl2, alamar haɗin magnesiyom da kulorin. Alminiyom mai uku da oksijin mai shida za su daɗe suna lissafi kafin su gano cewa sai biyu sun haɗu da uku. Masu katin niyon da argon za su zauna a kujerunsu ba mai neman su, ki sa su zama alƙalai masu duba ƙirgen sauran. Idan aka zo ruwa, inda ba mai miƙa wa wani, sai haidurojin biyu da oksijin ɗaya su haɗa hannu a kan tsakuwar da suke tarayya a kanta. Abu biyu za ki kiyaye: ki guji cewa ƙwaya tana "son" ta cika zobenta, ki ce cikakken zobe ya fi zama daram, kuma sodiyom da fotasiyom na gaske ba abin da za a miƙa wa ɗalibi ba ne, kati da tsakuwa sun wadatar.

Hanyar sanin ko sun koya ita ce ki tambaye su abin da ba a buga a wasan ba. Ki nuna musu rubidiyom, sinadari na 37, wanda ke zaune kai tsaye a ƙarƙashin fotasiyom, ki ce kowa ya rubuta shi kaɗai a takardarsa ilektiron nawa ne a zobensa na waje, kulorin nawa zai kama, kuma me ake tsammani idan ya taɓa ruwa. Waɗanda suka rubuta ɗaya, ɗaya, da cewa zai fi fotasiyom tsanani, ki wuce da su darasi na gaba. Sauran ki dawo musu da marafan kwalba mako mai zuwa, ki sake farawa daga tsakuwa ta uku.